Kyanwar da 'yata ta bari

Shekara biyu da 'yan watanni wani ɗan yanki na fatar kyanwarmu ya yi a daskare cikin ruwan naitirojin, a wani ɗakin bincike da ban taɓa taka ƙafata ba. Ni na sa hannu aka kai shi. Ban gaya wa kowa ba sai maigidana, shi ma sai bayan an gama. Na yanke shawarar ba da labarin ne domin na san akwai masu ɗauke da irin nauyin da na ɗauka, kuma wata rana za a zo musu da irin tayin da aka zo mini da shi, a daidai lokacin da ba su da ƙarfin yin tunani.

Kyanwar ta autata ce. Da sikila aka haifi yarinyar nan. Duk wanda ya yi jinyar mai sikila ba sai na yi masa bayani ba: ya san daren da ciwo ke shiga ƙashi, ya san yadda yaro ke naɗe jiki yana cije leɓe don kada ya tayar da mutanen gida, ya san yadda uwa ke koyon karanta launin idon ɗanta tun kafin ya buɗe baki. Tana shekara tara ta shigo da 'yar kyanwa a tafin hannu, duk ƙasa, ko kuka ba ta iyawa sosai. Na ce ta mayar da ita inda ta ɗauko. Ta kalle ni ta ce, “Umma, ita ma ba ta da lafiya.” Daga nan ban ƙara cewa komai ba.

Da aka wanke ta sai ga launi uku, fari da baƙi da ruwan goro, a warwatse kamar an yayyafa. Shi ya sa ta raɗa mata suna Roɗi. A saman idonta na hagu akwai wani tabo ruwan goro, girman babban yatsa, wanda 'yata ke cewa nan ne aka dangwala mata hannu.

Ba wanda ya koya wa Roɗi jinya. Amma idan ciwon ya tashi, sai ta haye gado ta kwanta a kan ƙaurin yarinyar, daidai inda ya fi zafi, ta yi ta gurnanin nan nasu na maguna har ɗumin jikinta ya ratsa. Da kaina na ga numfashin 'yata yana daidaita a ƙarƙashinta. Idan aka kwantar da mu a asibiti, masu gida kan ce tana wuni a bakin ƙofar ɗakin. Kuma suna da wata alama tsakaninsu: yarinyar ta buga katifa sau biyu da tafin hannu, duk inda kyanwar take sai ta taho.

Tana shekara goma sha tara ciwon ya kama mata ƙirji, Allah ya karɓi abinsa. A nan ba zan tsaya ba.

Roɗi ta ƙara shekara biyar a bayanta. Watannin farko ba ta barin ɗakin. Wani dare na shiga na zauna a bakin gadon, ban san lokacin da hannuna ya buga katifa sau biyu ba. Sai ga ta ta fito daga ƙarƙashin gado, ta tsaya tana kallona, sannan ta hau ta kwanta a kan ƙafata. Tun daga ranar ta zama tawa. Mutane suna zuwa suna ba ni haƙuri, na gode musu, amma a duk gidan ita kaɗai ce take nemanta a inda nake nemanta. Idan na shafa tabon nan na saman idonta, ina shafa wurin da yatsun 'yata suka shafa sau dubu.

Ciwon ƙoda ne ya kama ta, kamar yadda yake kama tsofaffin maguna da yawa. Ta rame, ta yi ta shan ruwa, daga baya ta daina cin komai. Ranar da ta mutu a kan teburin likitan dabbobi, na yi kukan da ban yi ba tun ranar jana'izar 'yata, har na ji kunyar kaina. Likitar yarinya ce mai kirki, ta daɗe tana duba mu, ta san labarin. Ta bari na natsu, sannan ta ce, “Mama, akwai abin da nake ganin haƙƙinki ne ki sani, ba wai ina ba ki shawarar ki yi ba.” Ta ce ana iya yankar ɗan abu kaɗan daga fatarta a aika inda za a raina ƙwayoyin halittarta a adana. Daga waɗannan ƙwayoyin, in mutum ya so, ana iya yin kwafin halittarta a haifi wata kyanwa mai irin gadon halittarta sak. Ta ce lokaci ƙanƙane ne, kwanaki kaɗan, kuma a sanyaya gawar kawai, kada a daskarar da ita, domin ƙanƙara na farfasa ƙwayoyin. Ta ce ba sai na yanke hukunci kan kwafin ba yanzu, ajiya ce kawai.

Kalmar nan ta ajiya ita ta kama ni. Ba a ce in yi komai ba, an ce kada in rufe ƙofa. Wace uwa ce za ta rufe ƙofa da hannunta a irin wannan rana? Na sa hannu. Ta ɗebi 'yan yankuna, kowanne bai fi kan ashana ba. Bayan 'yan makonni saƙo ya zo cewa ƙwayoyin sun rayu, sun ninku, an daskarar da su a sanyin da ya kai digiri 196 ƙasa da sifili, inda za su iya zama shekaru aru-aru. Na karanta saƙon ya fi sau ashirin. Kalmar “sun rayu” kawai nake gani.

Maigidana da na gaya masa bai yi faɗa ba. Ya yi shiru, ya ce, “In zai sanyaya miki zuciya.” Na san bai yarda ba, shi ma ya san na sani.

Daga nan na shiga karatu, ni da ban taɓa damuwa da kimiyya ba sai abin da ya shafi jinin 'yata. Na fara da tunkiyar nan Dolly, wadda aka haifa ranar 5 ga Yuli 1996 a Cibiyar Roslin da ke Sikotland, aka sanar da duniya a Fabrairun 1997. Ian Wilmut da Keith Campbell da abokan aikinsu suka yi aikin. Yadda ake yi bai da wuyar fahimta. Ana ɗauko ƙwai daga jikin wata macen, a zuƙe cibiyarsa inda gadonta yake, ya zama kamar gidan da aka kwashe kayansa. Sai a kawo ƙwayar halittar dabbar da ake son kwafa a haɗa da wannan ƙwai, a ɗan ba shi lantarki, ya fara rarrabuwa kamar an yi barbara. In ya zama ɗan tayi sai a dasa shi a mahaifar wata macen ta uku, ita ta ɗauki cikin ta haifa. Na karanta cewa sau 277 aka yi wannan haɗin kafin a samu Dolly, 'yan tayi 29 suka tsira aka dasa wa tumaki 13, ɗaya tak ta zo duniya. A lokacin lambobin ba su taɓa ni ba. Na ce ai farkon abu ne, kowane farko da wahalarsa. Abin da na riƙe shi ne an yi, kuma an ci gaba da yi: shanu, dawaki, raƙuma da aka haifa a Dubai a 2009, har birai biyu da aka sanar a Shanghai a farkon 2018. Na ga shugaban ƙasar Ajantina Javier Milei da karnukansa da aka kwafo daga karensa Conan. Na ce to ni ma ba hauka nake ba.

Babban ɗana ne ya fara girgiza ni, kuma ba da niyya ba. Ya zo hutu ya tarar da takardun a kan tebur. Bai ce komai ba sai da dare, ya zo ya zauna kusa da ni da wayarsa. Ya ce, “Umma, kin ga kyanwar farko da aka taɓa kwafa?” Ya nuna mini hotuna biyu. Ɗaya kyanwa ce mai launi uku kamar Roɗi, sunanta Rainbow. Ɗayar kuwa fara ce mai ratsin toka-toka da ƙasa-ƙasa a baya, babu ɗigon ruwan goro ko ɗaya a jikinta. Ya ce wannan ita ce kwafin waccan. CC ake kiranta, an haife ta a Disambar 2001 a Jami'ar Texas A&M da ke Amurka. Gadonsu ɗaya, an gwada an tabbatar. Na ce ƙarya ne, an yi kuskuren hoto.

Ya yi mini bayani a hankali. Mace tana da kuromosom X guda biyu, wato irin zaren nan da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayar halitta, kuma a maguna umarnin launin baƙi da na ruwan goro a kan X ɗin yake, wannan a ɗaya, wancan a ɗayan. Tun ɗan tayi yana 'yan ƙwayoyi kaɗan, kowace ƙwaya sai ta kashe X ɗaya ta bar ɗaya yana aiki, kuma babu tsari a zaɓin, kamar an watsa tsaba a iska. Inda wannan ya rayu gashi ya fito baƙi, inda wancan ya rayu ya fito ruwan goro. Saboda haka zanen jikin kyanwa mai launi uku ba a rubuce yake a gadonta ba. Sau ɗaya yake faruwa, a cikin mahaifa ɗaya, ba ya maimaituwa. Ya ce har halinsu ya bambanta, waɗanda suka raine su sun ce Rainbow mai kamewa ce, CC kuwa mai wasa da son mutane.

Na tambaye shi, “Tabon saman idonta fa?”

Ya sunkuyar da kai ya ce, “Ba zai dawo ba, Umma.”

Na tashi na shiga ɗaki. Na ji haushinsa kwana biyu, alhali gaskiya ya gaya mini. A kwana na uku na tambayi kaina abin da ya kamata in tambaya tun a teburin likita: in tabon da ido ke gani ba ya cikin ƙwayoyin nan, ina ga bugun katifa sau biyu? Wannan ba a jini yake ba. A dararen ciwo aka gina shi, tsakanin yarinya da kyanwa, shekara goma. Kyanwar da za a haifa mini ba ta taɓa jin ƙamshin 'yata ba. Zan buga katifa ta kalle ni kamar kowace 'yar kyanwa. Tagwaye ma da suka fito daga ƙwai ɗaya, suka kwanta a ciki ɗaya, kowa da ransa da halinsa, balle wadda za a haifa bayan shekara goma sha bakwai daga cikin wata uwar daban.

Duk da haka ban janye ba. Zuciya ta iya kawo hujja. Na ce ko ba ita ba ce, ai jininta ce, kamar 'yar'uwarta ce da ta makara. Me ya yi zafi in na raini 'yar'uwar Roɗi? Wa na cuta?

Wannan tambayar ta “wa na cuta” ita ta kai ni inda ban zata ba. Na koma kan lambobin da na tsallake. Kafin a samu CC, 'yan tayi 87 aka dasa wa maguna takwas. Na karanta labarin karen farko da aka kwafa, Snuppy, da aka haifa a Afrilun 2005 a Jami'ar Ƙasa ta Seoul a Koriya ta Kudu, ƙarƙashin Hwang Woo-suk, mutumin da daga baya aka kama da ƙirƙirar sakamako a bincikensa na ƙwayoyin ɗan Adam, ko da yake an tabbatar karen kwafi ne na gaske. 'Yan tayi 1,095 aka dasa wa karnuka mata 123. Uku suka ɗauki ciki, biyu aka haifa, ɗaya ya mutu yana ɗan mako uku da ciwon huhu. Na tsaya a kan 123 ɗin nan na kasa wucewa. Kowace ɗaya an sa ta barci, an buɗe cikinta, an ɗinke. Ban da waɗanda aka yi wa tiyata aka kwashi ƙwayayensu, domin ƙwan karya ba ya nuna da sauƙi a kwanon ɗakin bincike, sai an jira ya nuna a jikinta a shiga a ɗauko. Duniya ta san sunan Snuppy, mujallu sun buga hotonsa. Su kuwa adadi ne a cikin rahoto.

Ba zan zalunci masu wannan aiki ba. An samu ci gaba sosai tun lokacin, ba a bukatar dabbobi masu yawa haka yanzu, kuma a wajen maguna ana iya samun ƙwai daga kwan mahaifar da aka riga aka cire wa waɗanda aka yi wa aikin hana haihuwa. Tsoron da aka yi cewa duk dabbar kwafi za ta tsufa da wuri ma bai tabbata ba: ita Dolly ciwon huhu ne da wata ƙwayar cuta ke jawowa ya sa aka kashe ta a Fabrairun 2003, tumaki huɗu da aka kwafo daga irin ƙwayoyinta suka tsufa lafiya, CC kuwa ta haifi 'ya'yanta ta rayu shekara 18. Amma duk ci gaban da aka samu, abu ɗaya bai canza ba. Dole a samu wata macen da za a yi wa allurar sinadarai don jikinta ya shirya, a yi mata tiyata a dasa, ta ɗauki cikin da ba nata ba, wani ya zube, wani ya zo da naƙasa, wani ya zo lafiya ta shayar da shi, sannan a ɗauke a miƙa wa wanda ya biya.

Na rubuta wa kamfanin da ke ajiye ƙwayoyin. Tambayoyi uku na yi: maguna nawa za a yi wa dashe kafin a samu tawa, sau nawa ake sa kowace ɗaya ta ɗauki ciki, kuma ina suke zuwa in an gama da su. Amsar ta zo da ladabi. An ce ana kula da su ƙwarai, ana nema musu gidaje daga baya. Ba a ba ni adadi ko ɗaya ba. Na sake tambaya, aka sake ba ni amsar da wasu kalmomin. Wataƙila gaskiya suke faɗa. Amma na lura a duk hotunan da ke shafinsu, na mutane rungume da 'yan kwikwiyo da 'yan maguna suna hawayen murna, babu hoton uwa ko ɗaya.

Ni uwa ce da aka ɗauke wa 'ya. Na san yadda jiki ke ci gaba da neman abin da ya ɗauka ko bayan an gaya wa kai cewa babu shi. Ban ce kyanwa tana ji kamar yadda nake ji ba, amma na taɓa ganin kyanwar da aka kwashe wa 'ya'ya tana zagaya gida tana kira, nononta ya cika. Sai ga shi ina shirin biyan kuɗi a yi wa wata haka, ba don a ceci ran kowa ba, sai don in samu abin shafawa.

A wannan tsakanin yayata ta ji labari. Ta kira ni ranta a ɓace, ta ce, “Ke yanzu hurumin Allah za ki shiga? Halitta za ki yi?” Maganarta ta tsorata ni, na je na bincika. Na samu cewa Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1997, bayan labarin Dolly, ta haramta kwafin ɗan Adam, amma ta halatta amfani da wannan fasaha a tsirrai da dabbobi matuƙar akwai maslaha kuma an kauce wa cutarwa. Kuma na fahimci masu binciken ba su halicci komai ba. Ƙwai rayayye suka samu, ƙwaya rayayya suka samu, mahaifa suka ara. Ko ƙwaya ɗaya ba su yi daga babu ba. Na gaya wa Yaya haka, ta ce to ai shi ke nan, kin samu mafita. Na ce a'a, yanzu ne ma na rasa ta. Domin sharaɗin shi ne maslaha da rashin cutarwa, ni kuma na san wa za a cutar, na kuma san maslahar ta wace ce. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure kowa ya san shi. Wanda ya fi tsaya mini shi ne na tsuntsuwar da sahabbai suka ɗauke wa 'ya'ya biyu a wata tafiya, ta zo tana kaɗa fukafukai a kansu, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta.

Kada wani ya ɗauka na zama mai ƙin wannan ilimi. Abin da ya faru a ƙarshen 2023 ba zai bar ni ba. A Nuwamban shekarar Birtaniya ta amince da wani magani mai suna Casgevy, Amurka ta bi baya a Disamba. Maganin sikila ne, kuma shi ne na farko da aka amince da shi wanda aka yi da fasahar gyaran gado ta CRISPR, wadda Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana a 2012 suka samu kyautar Nobel a kanta a 2020. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin mai ciwon, a gyara wani wuri a gadonsu don su koma yin irin himoglobin ɗin, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, da jariri ke yi a ciki, wanda ba ya lanƙwashewa, a share ɓargon da magani mai ƙarfi, a mayar masa da nasa ƙwayoyin. Hanya ce mai wuya da haɗari, tana iya hana haihuwa, kuma tsadarta ta fi ƙarfin kusan duk masu ciwon a duniya. Amma mafi yawan waɗanda aka yi wa a gwaji sun daina samun tashin ciwon nan da ya cinye ƙuruciyar 'yata.

A tsaye nake lokacin da na karanta, sai da na nemi wuri na zauna. Shekara shida. Da ta ƙara shekara shida a duniya da ta ji wannan labari da kunnenta, ko da ba za mu iya kaiwa gare shi ba. Na san an yi gwaji a kan dabbobi kafin a kai nan, ɓeraye da yawa sun mutu a hanya. Na tambayi kaina ko zan yarda da wannan, na samu zan yarda, da nauyi a zuciya amma zan yarda, domin a ɗaya gefen akwai yara masu ihu da dare. Haka na ji da na karanta labarin wata 'yar dabbar daji mai baƙaƙen ƙafafu a Amurka, mai kama da tunku, da ta kusa ƙarewa a duniya: a Disambar 2020 aka haifi kwafin wata da aka adana ƙwayoyinta tun 1988, don a dawo wa zuriyar da jinin da ta rasa. Nan ma akwai uwar aro, amma akwai dalilin da zan iya kallon idonta in faɗa. A nawa lamarin me zan ce mata?

Daren nan ne maigidana ya yi maganar da ya daɗe yana riƙewa. Muna zaune, na gama karanta masa labarin maganin, ya ce, “Maman yara, in tambaye ki. Da a ce ƙwayoyin da ke ajiye a can ba na kyanwar ba ne, nata ne, aka ce za a iya, za ki yi?”

Na buɗe baki in ce a'a, maganar ta ƙi fita. Gaskiya ita ce akwai dararen da zan ce e. Da an zo mini da takarda a makon da ta rasu, da na sa hannu kafin a gama karanta mini. Wannan ya tsorata ni fiye da duk abin da na karanta. Na tuna He Jiankui, masanin nan na ƙasar Sin da ya sanar a Nuwamban 2018 cewa ya gyara gadon wasu tagwaye mata tun suna 'yan tayi, aka ɗaure shi shekara uku. Da na fara jin labarinsa na yi mamakin iyayen da suka yarda. A daren nan na daina mamaki. Mutumin da ke cikin tsoro ko baƙin ciki zai sa hannu a kan kusan komai, kuma masu sayarwa sun san haka ko da ba su da mugun nufi. Shi ya sa ban yarda a ce wannan lamari zaɓin mai kuɗi da mai kamfani ne su biyu ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sanarwa a 2005 tana kiran ƙasashe su hana kwafin ɗan Adam, ƙasashe da dama sun yi dokokinsu. Amma dabbobin gida, a wurare da yawa, an bar su tsakanin mai kuka da mai sayarwa.

Na yi tunanin yarinyar da za a haifa da fuskar 'yata. Zan dube ta ina jiran wata. Duk abin da ta yi daban zai zama kamar kuskure, duk abin da ta yi daidai zai zama na waccan. Za ta taso tana bin bashin rayuwar da ba ta ci ba. Kuma da sikilar za ta zo, domin ita kam a rubuce take a gadon. Da na kai nan sai na ga abin da nake shirin yi wa 'yar kyanwar ma ke nan, a ƙaramin mizani. Na juya na ce wa maigidana, “Ba Roɗi nake son a dawo mini da ita ba.” Ya ce, “Na sani.” Muka yi kuka tare, abin da ba mu yi ba tun rasuwar, don kowannenmu yana ta ƙoƙarin zama bango ga ɗayan.

Ban rubuta musu washegari ba. Sai da na ƙara wata huɗu. Duk lokacin da na buɗe kwamfuta sai in ji kamar zan sake kashe ta da hannuna, ko da yake na san abin da ke cikin kwalbar nan ba ya ji, ba ya gani, bai san ni ba. Da lokacin sabunta ajiyar ya zo suka aiko da takarda mai zaɓi biyu, a ci gaba ko a lalata. Na kira ɗana ya zauna a waya, ban ce ya yi magana ba, na ce dai ya zauna. Na zaɓi na biyu. A ƙasa akwai wurin da aka ce a rubuta dalili in ana so. Na rubuta cewa ina roƙonsu su riƙa gaya wa masu zuwa adadin uwayen da ake amfani da su da inda suke ƙarewa, tun kafin a karɓi fatar, ba bayan an karɓa ba. Ban samu amsa a kan wannan ba, sai saƙon tabbatar da cewa an aiwatar.

Na koma wajen likitar nan na gaya mata duk abin da ya faru. Ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce ita ma ba ta taɓa tambayar inda uwayen suke zuwa ba, kuma za ta tambaya. Kafin in fita ta ce akwai wata kyanwa a ɗakin baya da aka tsinta da ciki, ta haihu, an karɓe 'ya'yan duka, ita ce ba wanda ya nema domin ta girma. Ta ce ba tana cewa in ɗauka ba. Na ce ta nuna mini.

Baƙa ce wuluk, kunnenta ɗaya a yage, ba ta kama da Roɗi ta ko'ina. Ta yi mako uku a gidanmu tana ɓuya a bayan kujera. Ba ta hawa gado, ba ta son a ɗauke ta, in na miƙa hannu sai ta shinshina ta ja baya. Ban taɓa buga mata katifa ba. Jiya da yamma ina zaune a ƙasa ina ninke kaya, ta fito ta zauna nesa da ni kaɗan, ta juya mini baya, ta fara lasar ƙafarta.